Idon Dillali da Kaset na Biyu

A shekarar da na fara koyarwa idanun Baba suka fara mutuwa, kuma duk gidanmu babu wanda ya sani. Ni da nake ganin kaina mai ilimi, mai lura da abubuwa, ban gane ba sai da na kunyata shi a gaban mutane. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi, wani lokaci kuma in yi dariya ni kaɗai, domin abin da ya haɗa mu ba gona ba ce, ba gado ba ne, wasan talabijin ne na yara.

Baba dillalin shanu ne. A daji aka haife shi, a bayan garke, ya yi kiwo har ya yi aure. Sai da fari ya cinye yawancin shanun gidansu sannan ya shigo Maiduguri ya zauna a Lamisula, ba tare da ya shigo da komai ba sai ido. Zai tsaya nesa da bijimi, ya ɗan karkata kai, ya faɗi shekarunsa, ya faɗi irin ciyawar da ya ci a bana, ya ce ƙafar baya ta hagu ta taɓa karyewa. A je a duba a tarar haka ne. Fataken kudu ba sa cewa sun saya sai sun ji ta bakinsa. Shi kuwa dillali ba shi da shago, ba shi da haja, idonsa ne jarinsa. Ranar da kasuwa ta ji cewa idon ya tafi, ranar za a fara gaishe shi da ladabi a wuce a nemi wani. Baba ya san haka sarai, shi ya sa ya yi shiru.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan", har na samu aiki a wata firamare a Ajilari, sai na zama "Malam". Yana da wata irin hanya ta jan kalmar, ba ka sanin ko yabonka yake ko tsokana, kuma na tabbata duka biyun ne.

Na'urar ta riga ciwon idon shigowa gidan da shekara guda ko fiye, a farkon shekarun casa'in. Baba ya raka tirelar shanu kudu, ya dawo da kwali a hammata, tsarabar da wani mahauci ya ba shi don yara. Ƙaramar aba ce mai launin toka da ake jonawa da talabijin, da abin dannawa guda biyu da muke ce wa hannu, da kaset ɗaya tak da ake cusawa ta sama. Yaran unguwa, waɗanda suke sanin sunan komai tun kafin ya iso, suka ce gem ake ce mata. A cikin kaset ɗin wani ɗan mutum ne mai sanda yake gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana hawa gungumen itace a kan ruwa, yana bugun wasu halittu masu kama da kunama. In ya kai ƙarshen mataki na shida sai ya tarar da wani farin abu mai ƙafa huɗu a cikin keji. Rubutun da ke fitowa ba boko ba ne, ba ajami ba ne, saboda haka babu wanda ya san labarin. Ranar da ƙanena ya fara kaiwa wurin, yara suka ce kare ne. Inna ta leƙo ta ce tunkiya ce. Baba, wanda ya shigo zauren yana faɗan ana ɓarnar wuta, ya tsaya ya karkata kai ya ce karsana ce, sato ta aka yi, kuma wannan bawan Allah sawunta yake bi. Sannan ya ce a matsa masa ya zauna.

Mutumin da bai taɓa zama wuri ɗaya ba sai don salla ko cin tuwo, sai ga shi kullum bayan la'asar, in akwai wuta, a kan buzunsa a zaure da hannu a cinya. Ya ɗauki abin kamar burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Ya raɗa wa kowane mataki suna. Akwai mashayar farko, akwai fadamar sauro, akwai tudun ƙaya. Yana wasa yana bin kiɗan da hanci, yana ƙirga taku a ƙasan maƙoshi. Cikin wata uku ya fi duk yaran unguwa, cikin shekara yana zuwa wurin karsanarsa ba tare da ya mutu ko sau ɗaya ba.

Zauren ya zama wurin kallo. Yara a ƙasa, telan da ke gefenmu a bakin ƙofa da almakashi a hannu, a kujerar ƙarfe kuma Akawu. Akawu maƙwabcinmu ne katanga ɗaya, Kirista daga kudancin Borno, ya yi shekara talatin yana jera fayil a ofishin gwamnati har ya yi ritaya, sunan aikin ya bi shi gida. Shi da Baba sun yi shekara ashirin suna shan shayi tare suna gardama a kan komai, daga farashin gero har zuwa wanda ya fi wani tsufa. Bai taɓa riƙe hannun gem ba, ya ce yatsunsa na biro ne, amma bai taɓa fashin kallo ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a kasuwar shanu an fara ƙus-ƙus. Wani ya lura Baba ya daina tsayawa nesa, ya koma shafa dabba da hannu, yana buɗe baki yana laluben haƙora da yatsa. Sai wata rana wani abokin sana'arsa, wani Babarbare mai ƙaton rawani da dariya mai ƙarfi, ya biyo shi gida ya tarar yana wasa. Ya zauna ya kalla har ƙarshe. Washegari ya shaida wa kasuwa cewa mutumin da ke tsallake rami kamar ƙwayar gero a talabijin ba shi ne za a ce ba ya gani ba. Maganar ta mutu. Daga nan abokan kasuwa suka riƙa biyowa jefi-jefi, Baba kuma ya riƙa sa a shimfiɗa musu tabarma. Gaskiyar ita ce haske da inuwa kawai yake gani a gilashin. Amma wasan ba ya canjawa. Kowace kunama tana fitowa a wuri ɗaya, a kan bugun kiɗa ɗaya, yau da gobe da jibi. Ya haddace hanyar tun idonsa na da kyau, yanzu da kunne da ƙirga yake bin ta, kamar yadda yake kora garke gida bayan duhu ya rufa tun yana yaro.

Ni kuwa abin ya ishe ni. Ina da shekara ashirin da huɗu, na karanta littattafai biyu ko uku a kan dabarun koyarwa, kuma babu abin da na tsana kamar maimaici. A makaranta ina faɗa da tsofaffin malamai a kan hadda, a gida ina kallon mahaifina yana yin abu ɗaya kullum mutane suna tafa masa. Da aka biya mu albashi sai na shiga kasuwa wurin wani mai sayar da kaset. Ya dube ni ya ce, "Malam, fat tu ya iso," wato kashi na biyu na wasan Baba. Ya sa mini a talabijin ɗin shagonsa na gwada, ban tashi ba sai da ƙafata ta yi sanyi.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa kashi na biyun nan aiki ne mai kyau. Ɗan mutumin nan ne dai da sandarsa, amma yanzu yana iya tashi sama na ɗan lokaci, hanya tana rabuwa biyu ko uku, ana hawa ana gangarawa, ana komawa baya a ɗauko mabuɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne maƙiyan ba su da wurin zama. In ka mutu ka dawo, wanda ya fito ta dama ɗazu yanzu ta sama zai faɗo. Ba a haddace shi, sai an duba an yi tunani. Na ce a raina yau zan nuna wa Baba bambancin hadda da ilimi. Na rungumo kaset ɗin kamar na samo wa gida maganin wata cuta.

Na yi rashin sa'a, ko kuma shi ya yi, domin ranar zauren a cike yake, har da mai rawanin nan da wasu dillalai biyu. Ban jira an watse ba, ni da nake son 'yan kallo. Na zare tsohon kaset, na hura sabon kamar yadda muke yi, na cusa.

"Baba, ga ci gaban labarin karsanarka," na ce. "Kashi na biyu."

Kiɗan da ya tashi ba wanda ya sani ba ne. Na ga kansa ya ɗago, ya karkata, yana nema. Ya ce a mayar masa da nasa, yau bai da lokacin baƙo. Yara suka hau roƙo, mai rawani ya ce, "Haba Alhaji, kai da ka gama da uwar, 'yar ce za ta gagare ka?" Babu yadda zai yi. Ya danna.

Taku goma bai yi ba ya faɗa rami. Ya sake, wani abu ya faɗo masa daga sama. Ya sake, ya tsaya yana bugun iska da sanda alhali maƙiyin yana bayansa, ƙaton abu ja wanda ko daga titi za a hango. Yara suna ihu, "Baba bayanka, bayanka!" Dariyar mai rawani ta ragu, ta koma tari, sannan ta tsaya. Na ga ya dubi ɗaya daga cikin dillalan.

Baba ya ajiye hannun a hankali ya ce, "Saniya in ta haihu, maraƙi take haifa. Wannan jemage ta haifa."

Aka yi dariya, kuma da na bar maganar a nan da an tashi lafiya. Amma ni malami ne, ba a tsokano ni in yi shiru. Na ce in kashi na biyu zai zama na ɗaya ne da sabuwar riga, me ya sa za a wahala a yi shi? Na ce masu yin sa sun girmama mu ne, sun ɗauka muna da ƙwaƙwalwa. Akawu ya gyara tabarau ya shigo da ƙarfinsa, har na yi mamakin zafinsa. Ya ce shi a ofis duk sabon shugaban da ya zo sai ya canja tsarin fayil don a san ya zo, kuma duk lokacin sai takardun mutane sun ɓace. Ya ce wanda ya sayi kashi na biyu ai don ya ji daɗin na ɗaya ne, in ka je wurin mai ƙosai ka ce a ƙara maka, ba ka son ta miƙo maka ɗanwake ta ce ta yi maka fasaha. Ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Ni kuma na ce, "Ai shi ya sa Bahaushe ya ce sabo turken wawa."

Da Akawu nake, wallahi da shi nake. Amma Baba ne ke zaune a gaban talabijin, kuma kowa shi ya kalla. Zauren ya yi tsit, sai kiɗan nan na banza yana ta yi shi kaɗai.

"Malam ya yi gaskiya," in ji Baba. Wannan karon bai ja kalmar ba.

Akawu ya dubi agogonsa ya ce, "Alhaji, taim ya yi, magariba ta kusa, je ka yi alwala." Saura fiye da rabin awa, kowa ya sani, amma kowa ya miƙe. Baba ya tashi ya shiga gida yana bin bango da hannu, ni kuma na ɗauka fushi ne.

Kwana uku bai fito zaure ba. Inna kuwa ta riƙa ajiye mini kwanon abinci da ɗan ƙarfi. Ran Asabar Akawu ya kira ni gindin dogon yaron ƙofar gidansa, ya ba ni kujera, ya yi ta goge tabarau kafin ya yi magana.

"Ɗana, kai kana koyar da yara, amma ba ka iya karanta tsoho ba. Babanka ba ya gani."

Na ce wane irin ba ya gani, mutumin da ke zuwa kasuwa kullum. Ya ce tun bara ya gane, ranar da Baba ya zuba masa shayi a gefen kofi ya ci gaba da zubawa. Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma ana cirewa a asibiti, ƙanwar matarsa an yi mata tana gani. Ya yi ta fama da shi ya je, Baba ya ce in ya kwanta a gadon asibiti kasuwa za ta ji kafin ya tashi, kuma ya sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. "Yau na karya alkawari," in ji Akawu, "saboda jiya an ce mini ƙus-ƙus ɗin ya dawo, kuma kai ka dawo da shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na tuna hannunsa a bango, na tuna yadda ya daina zuba ruwan alwala da kansa, yadda yake ce wa ƙanena ya karanta masa lambar mota wai don ya gwada karatunsa. Duk a gabana aka yi. Na zauna a kujerar nan na yi kuka kamar yaro, Akawu ya juya kai yana kallon titi har na gama.

Da na yi hankali, da na tafi kai tsaye na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce mu je asibiti. Amma ni a lokacin gani nake duk abin da na ɓata da wayo, da wayo zan gyara. Na koma wurin mai kaset na tambaye shi ko yana da wani wanda yake daidai da na farko, ba bambanci. Ya yi dariya ya ce ai su suka fi tafiya. Ya jawo wani daga ƙasan tebur, an rubuta lamba huɗu a jikinsa da ƙaton zane. Na ce ina na ukun? Ya ce shi ma bai taɓa gani ba. Muka sa. Wasan farko ne tsaf, kiɗansa, ramukansa, kunamunsa, sai dai an mayar da sararin sama ja, ɗan mutumin ya koma baƙi, itatuwa sun zama shuɗaye. Mako guda kafin nan da na yi masa lacca a kan ha'inci. Ranar kuwa kamar in rungume shi.

Na yi yamma biyu a shagon ina bin wasan daga farko har ƙarshe, domin in tabbatar. Allah ya sa na yi. Waɗanda suka yi aikin, ko don su rage wa kansu kunya, sun taɓa wuri biyu. A fadamar sauro sun matso da wani rami gaba kaɗan, a mataki na biyar kuma sun cire gungume ɗaya daga kan ruwa. In Baba ya bi haddarsa, nan zai faɗa. Ke nan dole in gaya masa, kuma babu yadda zan gaya masa ba tare da ya gane na sani ba.

Da safe bayan an karya, yara sun tafi islamiyya, na same shi a tsakar gida yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na samo wani kaset, kashi na huɗu, ina so ya gwada kafin mutane su zo. Ya ce ya gaji da jemagu. Na ce wannan maraƙi ne. Sai ya tashi ya biyo ni zaure.

Kiɗan na tashi na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya bi mashayar farko kamar ruwa. Da ya shiga fadamar sauro na matso kusa da kunnensa na ce, "Baba, a wannan kaset ɗin, ramin da ke bayan itace na uku ya matso taku biyu. Ka yi tsalle da wuri."

Yatsunsa suka tsaya. Ɗan mutumin ya tsaya a tsakiyar hanya, kunama ta zo ta kashe shi, bai kula ba.

"Wa ya gaya maka?" ya ce. Ba ramin yake nufi ba, ni ma na sani.

"Na gani ne, Baba."

Sannan ya ce, "To, ka gani." Ya sake dannawa. Ya tambaye ni taku biyu irin nawa ko irin na ɗan mutumin, na ce na ɗan mutumin. Muka yi ta yi har wuta ta ɗauke, washegari muka sake. Kafin kwana uku ya shigar da gyaran biyu cikin haddarsa. Duk tsawon lokacin bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban yi ba, amma in zai tashi sai ya dafa kafaɗata maimakon bango.

Na sa yara suka baza labari cewa ran Juma'a Alhaji zai gwada sabon kaset wanda ba a taɓa gani ba a Lamisula. Zauren ya cika har waje. Mai rawani ya zo da mutum huɗu daga kasuwa. Akawu ya zauna a kujerarsa, ya dubi jan sararin nan da shuɗayen itatuwa, ya saurari kiɗan, ya dube ni ta saman tabarau. Yaran ma na san wasunsu sun gane, amma launi ya ɗauke musu hankali, kuma lamba huɗu ce a jiki.

Baba ya yi wasa mafi kyau da na taɓa gani. Ya tsallake ramin da aka matso kamar ya hango shi tun daga nesa. Inda aka cire gungume ya yi dogon tsalle ya dira a bakin gaɓa, zauren ya ɗauki sowa. Ya kai keji ba tare da ya mutu ba. Ni ina tsaye a baya, zufa ta jiƙa mini riga, ina jin daɗi kamar ni na ƙirƙiro duniya.

Mai rawani ya buga cinya ya ce, "Wushe, Alhaji, sannu da aiki. Ranar farko, bai ko yi tuntuɓe ba. Waɗanda suka ce idonka ya tafi, nasu ne ya tafi." Ya ce gobe akwai bijimai goma sha biyu da za su iso daga bakin tafki, mai su ya ce ba wanda zai duba masa sai Baba.

Baba ya ajiye hannun a kan buzu. Ya juya fuskarsa inda muryar ta fito, amma ya ɗan kauce, yana kallon bangon da ke gefen mutumin.

"Shekara ashirin ina wannan sana'a," ya ce, "ban taɓa sayar wa mutum dabba mai aibi ban faɗa masa ba. Wannan kaset tsohuwar saniya ce aka shafa wa shuni. Na san hanyarta ne tun da. Ni fuskarka ma ban gani ba, muryarka na ji. Bijiman nan a nemi wani ya duba."

Tela ya sunkuyar da kai. Mai rawani ya taso ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da lafiya, sauran suka bi layi suna faɗin haka, a hankali, cikin ladabi, irin ladabin nan da ya yi shekara yana gudu. Da suka fita Baba ya ce, "Malam, Akawu ya san asibitin. Ran Litinin ka nemi izini a makaranta."

A cikin tasi, ni a gefensa Akawu a gaba, na tambaye shi me ya sa, bayan komai ya tafi daidai. Ya ce wanda ya haddace da kansa, wannan tsakaninsa ne da idonsa. Amma da ya ji ɗansa yana raɗa masa inda rami yake don su rufi mutane su biyu, sai ya ga abin ya fara cin gida. Na riƙe hannunsa har muka isa.

An yi aikin. Idon dama ya dawo, ba duka ba amma ya dawo, na hagu likita ya ce an makara. Abin da Baba ya ji tsoro kuwa ya faru. Fataken kudu suka koma wurin wasu, domin kasuwa ba ta mantawa da abin da ta ji. Ya ci gaba da zuwa, yana zama a inuwa, matasan dillalai kan zo su tambaye shi shawara in abu ya rikice musu, amma ba a sake jiran bakinsa kafin a saya ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yau ina tambayar kaina ko da ban shigo da kaset ɗin nan ba da ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a cikin martabarsa, ko kuwa da ya rasa idon dama shi ma. Ban san amsar ba. Shi bai taɓa ɗora mini laifi ba, Inna ce ta ɗora, ita ma na wata ɗaya.

Mako uku bayan an cire masa bandeji, da la'asar, ya fito zaure da ƙaton tabarau mai kauri. Babu 'yan kallo yanzu, daga ni sai Akawu da butar shayi. Ya ce in sa masa jemagen nan. Na ɗauka wasa yake, amma ya miƙo hannu. Na sa kashi na biyu. Ya matso kusa da gilashin, ya karkata kai don idon dama ya samu hanya. Ya faɗa ramin farko. Ya sake, abu ya faɗo masa daga sama. Ya yi tsaki, ya ce waɗanda suka yi wannan ba su da tarbiyya, Akawu ya ce ai ya faɗa tun farko. Sau bakwai yana mutuwa a wuri ɗaya, har tausayi ya kama ni, na ɗauko tsohon kaset ɗin na ce bari in mayar masa da nasa ya huta.

Ya ture hannuna ba tare da ya ɗauke ido daga talabijin ba.

"Bar shi, Malam," ya ce. "Wancan na san shi. Wannan nake so in gani."